Kiɗan da Shekari Ya Yanke

Ranar wata Juma'a da la'asar sakaliya Shekari ya tare Keke Napep a bakin titin Samaru, jakar kayan kiɗa a kafaɗa, hannun matarsa Rhoda a cikin nasa. Sabon Gari za su, wajen mai gyara. Washegari yana da biki a Dogarawa, ga shi kontirolarsa, na'urar nan mai faifai biyu da jerin maɓallai da DJ ke haɗawa da kwamfuta yana sarrafa kiɗa, ta yi kwana uku tana yi masa taurin kai. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Shekari irin mutanen nan ne da sai sun ga ayari ya ɗaura kaya suke fara neman wuƙa.

Ba na'urar ce ta fi ci masa rai ba, Rhoda ce. Malamar firamare ce, mai surutun tsiya, wadda in ta fara ba ka labarin 'yan ajinta sai tuwonka ya huce. Yau kwana uku ke nan ta yi tsit. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Sai ta zauna ta ƙura wa ƙofa ido, kanta na rausayawa gaba da baya a hankali. Sun je asibiti, an auna jini, an ce ba komai, ta je ta huta. Tsoro ne ya hana shi barinta ita kaɗai a ɗaki, shi ya sa ya taho da ita.

Har suka wuce Kwangila ba ta ce uffan ba. Yatsanta ne kawai ke bugun gwiwarta. Sau takwas, ya ɗan tsaya, ya sake ɗaukowa daga farko.

Shagon Iyke na cikin wani lungu a bayan kasuwa, ɗan ƙuƙut, ko da yaushe yana warin narkakkiyar dalma da tsohon kwali. Iyke haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shagon ma gadonsa ya yi. Marigayi babansa a nan ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kiɗa da waƙa a kaset yana sayarwa, kuma har yau kwalayensa na jibge a saman kanta sun sha ƙura.

"Oga DJ! Sai da rana ta faɗi?" in ji Iyke. Ya leƙa bayansa. "A'a, har da Madam? Sannu da zuwa, Madam. Ga benci."

Rhoda ta zauna. Ba ta amsa ba. Iyke ya dubi Shekari, Shekari ya girgiza kai, sai Iyke ya bar zancen ya jawo jaka.

"Me take yi?"

"Maɓalli na uku ne, a ɓangaren hagu. Ina cikin kiɗa sai ya kunna kansa. In na kashe ya dawo. Wani ɗan guntun kiɗa na ɗora a kai, mai maimaita kansa."

"Ƙaramin abu," in ji Iyke. "Uku ne dai, mutumina. Ko waya, ko manhaja, ko ita na'urar. Ɗaya bayan ɗaya za mu kama ɓarawon."

Iyke yana da wata ɗabi'a: da ido yake gyara, ba da kunne ba. Ya ce ƙara na ruɗa masa tunani. Don haka bai haɗa sifika ba. Ya canza wayar da ke sada kontirola da kwamfuta, ya sa sabuwa fil. Maɓallin ya kawo jar wuta. Ya mayar da wayar wata kafar. Ya sake kawowa. Ya cire ɗan shirin da suke kira direba, wanda ke sa kwamfuta ta gane na'urar, ya zuba sabo, ya kashe ya kunna. Ya goge duk tsarin da Shekari ya yi wa maɓallan, ya mayar da su yadda suka zo daga kamfani. Suka zuba ido. Ba a yi minti ɗaya ba na ukun ya yi ja, shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa.

"To, ba waya ba ce, ba manhaja ba ce," in ji Iyke, fara'arsa ta ɗan ragu. "Datti ne ya shiga ƙarƙashin robar. Ko ka zubar mata da lemo a wajen biki."

A waje masu shaguna sun fara jan ƙofofi. Ƙamshin gasasshen masara ya shigo, ya wuce. Daga can nesa ladan ya ɗaga murya.

Iyke ya buɗe wani ɗan shafi a kwamfutar, wanda ke rubuta duk saƙon da kontirola ta aiko. Ka taɓa faifai ya rubuta, ka murɗa wani abu ya rubuta. Suka ɗauke hannuwansu gaba ɗaya. Layi ya fito: na uku, an danna. Can wani ya biyo: na uku, an danna. Iyke ya dubi agogonsa, ya dubi allon, ya sake duban agogon.

"Oga," ya ce a hankali, "datti ba ya bin ƙa'ida. Wannan tazararsa ɗaya ce, ko daƙiƙa ba ya kuskurewa."

Sai a lokacin suka lura da ƙarar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Farcen Rhoda ne a kan benci. Bayanta ta ba allon, ba ta ganinsa. Amma duk sanda ta cika takwas ta koma farko, a daidai nan sabon layi ke fitowa.

Shekari ya dubi Iyke.

Iyke ya kifar da na'urar. Ya ɗauki sukundireba ya kwance bayan kontirolar, ya lalubo siririyar wayar da ta haɗa maɓallan hagu da cikin na'urar, ya zare ta gaba ɗaya ya ajiye a kan tebur. Yanzu ko da guduma ka doki na ukun, bai da hanyar aika saƙo.

Layi ya fito. Na uku, an danna.

"Ba ni abin kunnen nan naka na sauraron kiɗa," in ji Iyke.

Ya ɗora a kai. Shekari yana kallon fuskarsa. Bai fi daƙiƙa biyar ba ya fizge shi ya jefar a tebur kamar ya taɓa garwashi.

"Ina ka samo wannan garayar?"

"A wani kaset cikin kwalin babanka mana. Ranar da ka ce in duba in ɗauki abin da nake so, kana kasuwa. A gidan wani abokina na juye ta."

"Mai jan zare a ɗaure?"

"Na kwance zaren."

Ku da ke zuwa biki kun san halin DJ. Ba ya barin waƙa ta mutu mutuwar Allah. Da ta kai inda ta fi daɗi sai ya fille mata kai ya ɗora wata, jama'a su yi ihu, shi kuma yana jin ya burge. Shekari gwani ne a wannan yanka, da shi ya yi suna. Ya saurari kaset ɗin minti biyu, ya ji wani bugu takwas da ya tayar masa da tsigar jiki, ya kwashe shi, ya kashe rediyo, ya dawo da kaset kwali. Kwana uku yana juya guntun nan a ɗakinsu, Rhoda na gefe tana duba littattafan yara.

Iyke ya sassauta murya har sai da Shekari ya matso.

"Wani gida a Jushi aka kira Baba ya ɗauka, tun ban yi wayo ba. Kiɗan bori ne. Mai garayar ya kafa masa sharaɗi: duk wanda ya kunna, ya bar shi ya kai ƙarshe. Farkonsa kira ne. Ƙarshensa sallama. Shi ya sa Baba ya ɗaure shi. Ni kuma na manta, Allah ya gani na manta."

"Ni Kirista ne, Iyke. Ina ruwana da bori?"

"Ni ma coci nake zuwa. Amma ka tsaya a ƙofar mutane kana ƙwala musu kira kwana uku, ba ka ce su shigo ba, ba ka ce su tafi ba."

Nepa ta ɗauke wuta.

Lungun ya yi duhu, ya yi shiru. Hasken allon kwamfuta ne kawai, da jan idon nan guda ɗaya. Shekari ya ji haushi da tsoro sun taso masa tare. Ya kai hannu ya fizge wayar daga jikin kwamfutar.

Jar wutar ba ta mutu ba. Farcen Rhoda ne ya tsaya.

Ya juya. Tana zaune a sandare, baki a buɗe, ƙirjinta ba ya motsi. Ya kama kafaɗunta ya girgiza. Sanyi ƙalau.

"Rhoda! Rhoda!"

"Mayar! Mayar da wayar!" Iyke ya yi tsawa.

Sau biyu Shekari yana kuskure kafar. Da ta shiga, Rhoda ta ja wani dogon numfashi mai ƙara. Sannan ta miƙe tsaye. Wani wari ya cika shagon, na turaren wuta da jiƙaƙƙiyar fatar akuya. Ta ɗago kai ta dubi mijinta, kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun da ya san ta. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, a dishe, ba gaggawa.

"Ɗan samari. Ƙafafunmu sun gaji da tsayuwa. In ba za a sallame mu ba, mun samu wurin zama."

Ta dafa ƙirjinta da tafin hannu.

Shekari ya ja da baya. Sunan Yesu kawai ke fita daga bakinsa.

"Yi addu'arka, ni ma ina yi," Iyke ya raɗa masa. "Amma baƙon da ka kira, kai za ka raka shi ƙofa. Kaset ɗin na nan inda ka tsayar?"

"Yana nan."

Iyke ya taka kujera ya sauko da kwalin, ya kifar da shi a ƙasa. Da hasken waya suka tono shi, ga guntun jan zaren a maƙale a jikinsa. Ya jawo tsohuwar rediyon babansa daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage batiran tocila biyu ya cusa mata. Ya sa kaset. Ya danna.

Injin ya yi gurnani. Kaset bai motsa ba.

Iyke ya ɓalle bayan rediyon ya haska. Robar da ke juya kaset ta narke tun shekaru, ta zama baƙin kwalta. Ya yi ashar cikin harshen uwarsa. Sannan ya nuna wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi a ciki.

"Wannan ne ke jawo zaren kaset ɗin. In ka juya shi da yatsa, zai yi magana. Amma babu abin da zai naɗe zaren, waje zai zubo. Sau ɗaya ne, Oga. Ba komawa baya."

A bayansu aka ji tim! Rhoda ta yi tsalle ta faɗo da mazaunai a kan siminti, ƙafafu a miƙe. Ta tashi. Ta sake shirin wani.

Shekari ya maƙala abin kunne a kunne ɗaya. Guntun kiɗansa na ciki yana zagaye, yana zagaye. Ya ɗora yatsa a kan ƙarfen. Shekara tara yana juya faifai don mutane su yi rawa. Ya tura.

Garaya ta yi nishi daga sifikar rediyon, a jaye, kamar saniya a mayanka. Juyin ya yi sanyi da yawa. Tim! Rhoda ta sake faɗuwa. Ya ƙara sauri, kiɗan ya tsere ya zama tsiwa. Ya rage. Kunnen hagu na jin kira, na dama na jin ci gabansa, su biyun suna karo. Ya rufe ido. Ya ƙirga. Ya ɗan riƙe ƙarfen da gefen yatsa, ya saki.

Suka hau kan juna, bugu a kan bugu.

Jar wutar ta mutu. Abin kunnen ya yi shiru. Saura garayar kaset ita kaɗai, ta wuce inda ya yanke ta, ta shiga inda bai taɓa ji ba.

"Kada ka tsaya," in ji Iyke. Yana durƙushe yana jan zaren a hankali, yana tara shi a ƙasa.

Ƙwarya ta shigo cikin kiɗan. Mata suka ɗauki amshi.

Shagon ya cika.

Ba abin da Shekari ya gani. Amma bencin da ba kowa a kai ya yi ƙara, kamar an zauna. Kwalaye suka motsa. Wani ya ja majina a kusa da ƙofa. Iskar wurin ta yi nauyi irin na motar haya da aka yi wa lodi.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa. Mai ɗumi. Mai warin goro.

"Kada ka juya," Iyke ya raɗa.

Yatsan Shekari ya fara zafi. Ya yi bororo. Bororon ya fashe. Ƙarfen ya soma santsi, kiɗan ya yi tangaɗi, numfashin ya matso har ya taɓa kunnensa. Ya sauya yatsa ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Minti nawa? Bai sani ba. An kira isha'i yana juyawa.

Can kiɗan ya sassauta da kansa. Muryar wani mutum ta fito daga kaset, tana ambaton sunaye ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a sauka lafiya, a gaida gida. Duk sunan da ya kira, ƙofar ƙarfen shagon sai ta yi ƙaras, iska ta ɗan yi sauƙi.

Ɗaya. Biyu. Biyar.

Saura numfashin da ke bayansa.

Garayar ta ɗauko gangarar ƙarshe. Shekari ya ji ta, duk makaɗi ya san inda kiɗa ke shirin kwanciya. Saura kaɗan.

Tas.

Zaren ya tsinke. Guntun da ya rage a cikin kaset ya manne da juna, ya ƙi fitowa.

Shiru.

Rhoda na tsaye a tsakiyar shago. Ƙirjinta ya daina motsi.

Iyke ya ɗora hannu biyu a ka.

Shekari bai san sanda ya buɗe baki ba. Shi ba mawaƙi ba ne, muryarsa ko a coci ɓoye ta yake yi a cikin ta jama'a. Amma ya ji inda gangarar ta nufa. Ya ɗauke ta daga daidai inda ta tsinke, da baki, hawaye na shiga masa baki. Ya sauko da ita mataki-mataki. Ya ajiye ta a ƙasa. Sannan ya ce, da ƙyar:

"A sauka lafiya, Baba. A yi haƙuri. A gaida gida."

Numfashin ya daɗe a ƙeyarsa.

Sannan ƙofa ta yi ƙaras.

Rhoda ta yi atishawa, mai ƙarfi, har sau uku, ta sulale. Ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Jikinta ya yi ɗumi. Ta buɗe ido ta dubi rufin shagon, ta dubi Iyke, ta dubi hannun mijinta.

"Shekari, me ya samu yatsanka? Kuma me muke yi a Sabon Gari, ban ɗora tukunya ba?"

Ya rungume ta ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, bai ko ji kunyar Iyke ba.

Washegari Iyke ya mayar da siririyar wayar, kontirola ta yi aiki lafiya lau, har yau ba ta sake gardama ba. Shekari ya yi bikin Dogarawa da yatsu biyu a naɗe. A ranar ne mutane suka fara ƙorafi, don duk waƙar da ya ɗora sai ta kai ƙarshenta, har ɗan shirun da ke biyo baya. Samari suka ce ya tsufa. Masu kiransa suka ragu. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba.

Rhoda ta koma aji, surutunta ya dawo har da ƙari, kuma ba ta tuna komai na kwanakin nan uku. Abu ɗaya ne ya rage mata. Ba a yanke waƙa a gabanta. Sun gano haka ne bayan mako biyu, a kasuwar Samaru. Wayar mai tumatir ta ɗauki waƙa, ya amsa kira a tsakiyar baiti. Rhoda ta sandare da tumatir a hannu, ido a buɗe, numfashi ya tsaya. Shekari ya jefar da leda, ya kai bakinsa kunnenta, ya ƙarasa mata baitin a gaban jama'a ana kallonsu. Ta yi atishawa, ta ci gaba da ciniki daga inda ta tsaya.

Tun daga ranar ba ta zuwa biki sai wanda shi ke kiɗa, ba ta shiga kasuwa sai da shi. Shi kuwa kullum abin kunne na kansa. Yana haddace ƙarshen waƙoƙi, na coci da na Hausa da na kudu, har da na tallan rediyo. Mutane na cewa son sana'a ne. Ba su san abin da yake tsoro ba: ranar da wani zai yanke waƙar da bai taɓa ji ba.